Sakan nawa wayar gidanka za ta jure?

Duk wanda ya kira ni aikin wayarin a Gwada, tambayarsa ba ta wuce guda: "Malam, wannan wayar za ta ɗauki firiza da hita da dutsen guga?" Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ba ta da wuya. A duba kaurin wayar, a haɗa lodin kayan, a faɗa masa. Amma akwai tambaya ta biyu da masu gida ba sa yi, mu ma masu sana'ar da yawanmu ba ma yi: ranar da wayoyi biyu suka haɗu, ko ɓera ya ci robar a cikin silin, ko ƙusa ta huda su a bango, tsawon wane lokaci wayar za ta jure kafin ta lalace? Wannan tambayar tana da amsa, kuma da alƙalami ake samo ta. Sau da yawa amsar ba ta kai sakan ɗaya ba.

Wutar da ke bin waya a rana irin ta kullum, kayan da aka jona ne ke ƙayyade yawanta. Hita mai wat 2,000 a kan layin bolt 230 tana jan abin da bai kai amfiya 9 ba, domin ƙarfen da ke cikinta yana tare wutar, ba ya barin ta wuce sai gwargwado. Idan wayar da ke kawo wuta ta taɓa wadda ke mayar da ita kai tsaye, babu sauran abin da ke tarewa sai wayoyin kansu da taransifomar da ke can bakin titi. Nan take amfiya 9 ta koma 200, ko 1,000, ko fiye. Abin da idon mutum ke gani shi ne tartsatsi a wurin haɗuwar. Abin da ba ya gani shi ne wannan wutar tana bin wayar tun daga mita har zuwa wurin, kuma kowane taku na wayar yana ɗaukar zafi a lokaci guda, har da wanda ke kwance a kan katakon rufi.

Wanda ya fara auna wannan zafin wani Bature ne, James Prescott Joule, ɗan gidan masu kamfanin giya a Salford kusa da Mancesta a Ingila. A 1840 ya gano cewa zafin da wuta ke haifarwa a waya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar. Idan wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Idan ta ninka sau goma, zafin sau ɗari. Wayar soket da aka yi don ta ɗauki amfiya 20, idan 1,000 ta bi ta, wutar ta ninka sau 50 ke nan, zafin da ake zuba mata a kowane sakan kuwa ya ninka sau 2,500. Duk abin da zan faɗa a gaba daga wannan ƙa'idar ya fito.

Mutane suna zaton haɗarin shi ne jan ƙarfen ya narke. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,085 a ma'aunin Salshiyas, kuma kafin a je nan an daɗe da yin ɓarna. Mai rauni ita ce robar da ta lulluɓe shi. Robar PVC, wadda ita ce a kusan duk wayar gida da ake sayarwa a Minna, an yi ta ne ta zauna a digiri 70 shekara da shekaru. Za ta iya jure 160 na ɗan ƙanƙanin lokaci. Da ta wuce nan sai ta yi laushi, ƙarfen ya nutse a cikinta ya koma gefe, in ta huce ta bushe ta fara tsagewa, in kuma zafin ya ci gaba ta yi hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro ta kama. Akwai wata robar mai suna XLPE da ake sa wa manyan kebul na ƙarƙashin ƙasa, ita tana aiki a digiri 90, tana jure 250. Saboda haka idan injiniya ya ce zai lissafa juriyar waya, abin da yake nema shi ne lokacin da za ta ɗauka daga 70 zuwa 160, ko daga 90 zuwa 250.

Iyayenmu mata suna ɗaukar garwashi da yatsu daga wannan murhu su jefa a wancan, ba su ƙone ba. Garwashin bai huce ba, saurin sakinsa ne ya cece su. Haka waya take da wutar haɗuwa: za ta ɗauki amfiya dubu ta fita lafiya, muddin an raba ta da ita a kan lokaci. Fis da bireka aikinsu ke nan, kuma lissafin shi ke faɗa mana ko saurinsu ya isa.

Ga yadda ake yin sa. Ana buƙatar lamba uku. Ta farko kaurin ƙarfen wayar, wanda ake aunawa da murabba'in milimita, shi ne 1.5 ko 2.5 ko 4 ko 16 da ake bugawa a jikin robar. Ta biyu yawan wutar da za ta bi idan an samu haɗuwa. Ta uku wata lamba ce da littattafan sana'a ke kira k, wadda ta tattara halin ƙarfen da na robar wuri guda. Jan ƙarfe mai robar PVC lambarsa 115. Jan ƙarfe mai XLPE 143. Alminiyam mai PVC 76, mai XLPE kuma 94. A ninka kaurin da k, a raba da yawan wutar, abin da ya fito a ninka shi da kansa. Sakamakon shi ne sakan ɗin da wayar ke da su.

Mu gwada da wayar soket, mai 2.5. Idan aka ninka 115 da 2.5 za a samu 287.5. A ce wutar haɗuwar amfiya 1,000 ce. An raba, an samu 0.2875. An ninka shi da kansa, an samu 0.083. Wato kashi 8 cikin 100 na sakan ɗaya, ko ƙiftawar ido bai kai ba. Idan wutar 500 ce, lokacin ya zama sulusin sakan. Idan 200 ce, sakan biyu da ɗan ɗigo. Wayar fitila mai 1.5 kuwa, a amfiya 1,000 tana da kashi 3 cikin 100 na sakan, a 200 kuma kashi uku cikin huɗu na sakan.

Lissafin yana da sharaɗi guda da ya kamata a sani. Ya ɗauka cewa duk zafin yana zaune a cikin ƙarfen, ko kaɗan bai samu fita zuwa roba da iska ba. A sakan ɗaya ko biyu hakan kusan gaskiya ne, domin zafi ba ya samun lokacin tserewa. Idan abin ya wuce sakan biyar, an fita daga hurumin wannan ƙa'idar, sai a koma wani lissafin. Ya kuma ɗauka cewa wayar tana digiri 70 lokacin da abin ya faru. Wannan ya kamata ya dami duk mai aiki a yankinmu. Jadawalin lodin waya da muke amfani da shi an gina shi ne a kan iska mai digiri 30. A watan Maris da Afrilu, a cikin silin ɗin gidan kwano a Gwada, wanda ya taɓa rarrafawa ciki da azahar ya san 30 labari ne. Wayar da ke ɗauke da cikakken lodi a irin wannan wurin ta riga ta haura 70 tun kafin komai ya faru, tazarar da ta rage mata zuwa 160 ta ragu.

Ƙa'idar ba ta wani mutum ɗaya ba ce. Tana cikin kundin dokokin wayarin na Birtaniya, wanda aka fara bugawa a 1882, yanzu ake kiransa BS 7671, bugu na 18 ya fito a 2018. Makarantun koyon sana'a na Najeriya da shi suka daɗe suna koyarwa. A nan gida hukumar NERC ta fitar da nata ƙa'idojin wayarin da samar da wuta a 2015, hukumar NEMSA kuma ita ke duba aiki da ba masu wayarin takardar shaida. A kundin Birtaniyan ne aka ce layin soket na gida, a tsarin da aka fi amfani da shi, ya yanke cikin sakan 0.4 idan wuta ta zube a jikin ƙarfe, babban layin da ke ciyar da akwatin rarraba wuta kuma kada ya wuce sakan 5.

Lamba ta biyu, wato yawan wutar haɗuwa, ita ce mai wahalar samu, domin ba a rubuta ta a jikin komai ba. Ta danganta da inda gidanka yake.

Mu a ƙaramar hukumar Shiroro muna zaune ne a gindin wuta. Madatsar Shiroro da ke kan kogin Kaduna ta fara aiki a 1990 da injuna huɗu, kowanne megawat 150, jimilla 600. Ga Kainji tun 1968, ga Jebba, ga Zungeru mai megawat 700 da ta zo daga baya. Wanda ya bi hanyar Minna zuwa Kuta zai ga manyan turakun ƙarfe ɗauke da layin bolt 330,000. A can sama ba a wasa da wannan lissafin ko na minti ɗaya. Kowane makunni da kowane kebul yana da alƙaluma a jikinsa da ke cewa zai jure amfiya dubu kaza na sakan ɗaya ko uku, na'urorin tsaro kuma suna yanke layi cikin kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Injiniyoyin sukan juya lissafin ta baya: su fara da wutar da lokacin, su nemo kaurin. Idan kebul zai jure amfiya 10,000 na sakan ɗaya, a raba 10,000 da 143, a samu 70, wato jan ƙarfe mai XLPE kada ya gaza murabba'in milimita 70. Idan alminiyam ne a raba da 94, a samu 106, sai a hau zuwa 120 tunda shi ne girma na gaba da ake ƙerawa. Sau da yawa kebul ɗin da lodi kaɗai zai nema ya fi wannan siranta, amma dole a sayi mai kaurin saboda sakan ɗaya da wataƙila ba zai zo ba sai bayan shekara goma.

Kusancinmu da madatsa ba shi ke ƙayyade wutar haɗuwa a gidanka ba. Taransifomar unguwa ce da tsawon wayar da ke tsakaninku. Ɗauki taransifoma mai kVA 300, irin wadda ake yawan gani a garuruwanmu. Cikakken lodinta wajen amfiya 420 ne a kowane layi. A jikinta akwai farantin ƙarfe da aka rubuta wani kaso, yawanci tsakanin 4 da 5 cikin 100. Ma'anarsa, idan aka haɗe bakinta za ta iya turo lodinta sau 20 zuwa 25, wato amfiya 8,000 zuwa 10,000. Kebul mai 70 na jan ƙarfe da PVC da ke sauka daga jikinta yana da kusan kashi biyu cikin uku na sakan a irin wannan wutar. Waya mai 2.5 da wani ya maƙala a nan kusa don ya ja wuta zuwa shagonsa ba ta da ko kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ita ba ta yin zafi, fashewa take yi.

Wanda ya ji wannan zai ce to na kusa da taransifoma shi ke cikin haɗari, na ƙarshen layi ya huta. A nan nake saɓawa da abokan sana'ata da dama, kuma a nan ne nake ganin lissafin ya fi amfani ga gari irin namu.

Gwada ta faɗaɗa, gidaje sun yi nisa da taransifoma. A ce gida yana mita 500 daga gare ta, kuma layin kan falwaya alminiyam ne mai 50. Irin wannan wayar tana tare wuta da kusan om 0.6 a kowace kilomita, zuwa da dawowa kuma kilomita ɗaya ke nan. A cikin gidan, mita 20 na waya mai 2.5 zuwa soket, zuwa da dawowa, ya ƙara om 0.3. Ƙara mahaɗan da aka murɗa da hannu suka yi tsatsa, an tashi om ɗaya ko fiye. Bolt 230 a raba da om ɗaya, amfiya 230. Da daddare, lokacin da kowa ya kunna kayansa ƙarfin wuta ya sauka, abin zai iya komawa 180. Mu ce 200. Mun riga mun ga waya mai 2.5 tana da sakan biyu a wannan wutar. Sakan biyu kamar da yawa ne idan aka kwatanta da kashi 8 cikin 100. Tambayar ita ce ko bireka za ta yanke a cikinsu.

Bireka hanyar yankewa biyu gare ta. Akwai maganaɗisu da ke fizge ta nan take, cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, amma sai wutar ta kai wani matsayi yake farkawa. Akwai kuma ɗan ƙarfe da ke lanƙwasa a hankali idan ya ji zafi, shi ne na lodin da ya yi yawa, kuma yana iya ɗaukar sakan goma, ko talatin, ko minti. Harafin da ke gaban lambar bireka shi ke faɗin inda maganaɗisun ke farkawa. Mai B yana farkawa tsakanin ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C tsakanin 5 zuwa 10, mai D tsakanin 10 zuwa 20. Saboda haka B20 tabbas za ta fizge a amfiya 100. C20 ba ta da tabbas sai a 200, ka ga tana kan gaɓa. C32 sai 320. C63 kuwa, wadda nake yawan tararwa ita kaɗai tana tsaron gida gaba ɗaya, ba ta ma fara tunanin fizgewa sai wutar ta haura 315, tabbacinta kuma sai 630. A amfiya 200 sai ta jira ɗan ƙarfen nan ya lanƙwasa. Wayar tana da sakan biyu, mai tsaronta yana buƙatar ninkin ba ninkin haka.

Abin da ya sa nake cewa ƙaramar wutar haɗuwa ta fi babba mugunta ke nan. Babbar tana da ƙara, tana fizge bireka, kowa ya ji ya taso. Ƙaramar ba ta isa ta farkar da mai tsaro ba, amma ta isa ta dafa roba daga soket har mita. Shi ya sa a gidajen ƙarshen layi nake nacewa a kan bireka mai B, kowane layi da tasa daidai kaurin wayarsa, ko da mai gida yana ganin ina ƙara masa kashe kuɗi. Wani dattijo da na yi wa aiki ya ce da ni, "Ɗana, ni wadda ba ta faɗuwa nake so, waccan ta dame ni." Na ce, "Baba, wadda ba ta faɗuwa ai ba ta aiki ke nan." Da muka bi layin, firiza biyu da injin markaɗe ne a kan waya guda. Muka raba su, faɗuwar ta tsaya.

Janareta ma haka take, har ta fi. Ƙaramar janareta ba ta iya turo wutar haɗuwa mai yawa, abin da take bayarwa bai cika wuce ninki biyu ko uku na lodinta ba, wani lokaci ma ƙarfinta zubewa yake yi. Birekar da aka zaɓa don wutar gari ba za ta ji komai ba. Dole janareta ta samu tata ƙaramar bireka a bakinta.

Sai maganar katawut, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Fis ɗin asali siririyar waya ce da aka auna don ta riga kowa mutuwa. A jadawalin fis irin na ɗaurawa, na amfiya 15 kaurinsa rabin milimita ne, na 30 kuma milimita 0.85. Idan ya tsinke da dare, abin da ake yi sananne ne: a feɗe guntun waya mai 2.5 a ɗaura, wani ma ya ninka ta biyu don kada ta sake damunsa. Ƙarfen waya mai 2.5 faɗinsa milimita 1.78 ne, wanda a wannan jadawalin ya yi daidai da fis na amfiya 80, shi kuma irin wannan fis ɗin ba ya tsinkewa sai wuta ta kusa ninka lambarsa. Ko ba a duba jadawali ba, hankali ya isa. Guntun da ke cikin katawut da wayar da ke cikin silin kaurinsu ɗaya, wuta ɗaya ke bin su, saboda haka tare suke ɗaukar zafi. Na katawut ba zai yanke ba sai ya kai 1,085. Robar na silin ta gama aiki tun a 160. Na sha ganin ƙusa a wurin fis, na ga waigin keke. Wanda ya sa su bai cire haɗari ba, ya ɗauke shi ne daga cikin akwatin tangaran da aka yi don ya jure wuta, ya kai shi kan katakon rufin ɗakin da 'ya'yansa ke kwana.

Duk wannan lissafin ya dogara ne da cewa lambar da ke jikin wayar gaskiya ce. Akwai kamfanonin waya na cikin gida masu aiki da ma'auni, a Nnewi da Legas da Ogun da Kaduna, kuma wayarsu ba ta jin kunyar ta kowace ƙasa. Amma kasuwa ta cika da wadda aka buga wa 2.5 alhali cikinta 1.5 ne, an ƙara kaurin roba don ido ya yarda. Mai saye yana ganin an rage masa kashi 40 cikin 100 na ƙarfe, in ma ya gane. A wajen juriya asarar ta fi haka, tunda kaurin ma ninka kansa yake yi a lissafin: abin da ya rage kashi 36 ne kacal cikin 100. Akwai kuma wadda alminiyam ce aka yi wa fentin jan ƙarfe a baya. Idan aka yi mata lissafi da 76 a maimakon 115, juriyarta ta koma kashi 44 cikin 100 ko da kaurin ya cika. In ta haɗa cuta biyun, ga siranta ga alminiyam, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba. Sakan biyun nan na gidan ƙarshen layi ya koma sulusin sakan. Araha ba ta ado.

Gane ta ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Ina kankare bakin ƙarfen da wuƙa, in fari ya leƙo daga ciki na ajiye. Ina da ɗan ma'aunin kauri a aljihu: mai 1.5 guda ɗaya ya ba ni milimita 1.38, mai 2.5 ya ba ni 1.78, in kuma mai silli bakwai ce kowane silli ya kai 0.67. Nauyi ma shaida ne. Mita 100 na waya mai 2.5 jan ƙarfen cikinta kaɗai ya kai kilo 2.2, ban da roba. Gwada gari ne na kasuwar doya da hatsi, sikeli ba ya wuyar samu, kuma mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya hana a ɗora.

Sola ta shigo da wani sabon babi. Mutane suna raina batir saboda bolt 12 ne, ba ya jan mutum. Amma batir mai 200 da ake sa wa inbata, idan aka haɗe bakinsa, yana iya turo amfiya 2,000 ko fiye, kuma ba shi da makunnin da za a kashe. Waya mai 16 ta jan ƙarfe tana da sakan 0.85 a wannan wutar. Mai 6, wadda nake gani a wurare da yawa saboda ita ce ta rage daga aikin fanel, tana da sakan 0.12. Idan babu fis a kusa da kan batirin, babu abin da zai yanke, wayar za ta yi ja har sai ta tsinke da kanta, galibi a ɗakin da aka ajiye katifa da kwalaye. Fis ɗin ya zama na wutar batir, domin ita ba ta sauya alkibla sau 100 a sakan kamar ta gari, tartsatsinta ya fi wuyar mutuwa, kuma a sa shi dab da batirin, kada tazarar ta wuce taki ɗaya ko biyu.

Abu na ƙarshe da lissafin ya ɗauka shi ne sau ɗaya abin zai faru, wayar ta huce. Idan bireka ta faɗi aka mayar da ita nan take, ta sake faɗi aka sake mayarwa, wayar ba ta fara zagaye na biyu daga 70 ba, daga inda na farko ya bar ta ta ɗora. Yaran da ke koyon aiki a wurina sun san dokar: bireka ta faɗi da ƙara, ba a mayar da ita sai an cire duk abin da ke jone, in ta sake faɗi babu komai a kai to laifin yana cikin bango ko silin, a bar ta a kashe. Sai a kawo na'urar gwajin roba, wadda ke tura bolt 500 tsakanin wayoyin bayan an raba su da wuta. Ƙa'ida ta ce kada sakamakon ya gaza megom ɗaya. Sabon wayarin mai kyau yakan ba da ɗaruruwa. Layin da ya sha haɗuwa, ko ya haye gwajin, ina buɗe akwatin mahaɗa in lanƙwasa wayar da yatsa. Idan robar ta yi tauri, ko launinta ya dushe, ko ta tsage a wurin lanƙwasar, zare layin nake yi gaba ɗaya in ja sabo, domin zafin da ya taɓa nan ya taɓa sauran tsawon da ke cikin bututu.